Igiyar Maikano

Malam Maikano ya ɗaura igiya a laburaren jami'a, bai tambayi kowa ba.

Shekara ashirin da shida yana masinja a wurin, yana shara yana mayar da littattafai kanta. Boko bai wuce aji uku ba. Kafin nan kiwo yake yi a Kiyako. Shi ya sa da ya ga Zulaiha, ɗaliba makauniya 'yar Gwaram, tana zaman awa biyu tana jiran mai ɗauko mata littafi, abin da ya faɗo masa shi ne dangwali, igiyar nan da ake jera maruƙa a jikinta. Ya tufka ta rama, ya ja ta daga bakin ƙofa har ƙarshen kantoci. Ƙulli ɗaya tarihi, biyu shari'a, uku Hausa. Da ta isa kantar da take so, sai ta ɗora wayarta a bangon littafi, wayar ta karanta mata a kunne.

Saura mako uku ta miƙa binciken kammala karatunta, shugaban laburaren, Mista Barnabas, ya shigo da leda a hannu.

"Baba, masu duba jami'a za su zo Litinin daga Abuja. Nan ba ruga ba ce. Ga reza, cire igiyar nan. Na sayo abin da ya fi ta kyau."

Ya zazzage salatif na yi wa kantoci alama a kan tebur, ja da shuɗi da kore.

Zulaiha na kusa. Ta laluba ta ɗauki ɗaya, ta shafa, ta ɗauki wani.

"Ranka ya daɗe, wanne ne jan?"

Barnabas ya dubi salatif ɗin da ke hannunta. Can ya yi dariya, ya dafe goshi.

"Kai, na kwafsa. To a cire kwana biyu kawai, in baƙin sun tafi a mayar."

Maikano ya karɓi rezar, ya nufi ƙofa inda ƙullin farko yake. Igiyar ta yi baƙi, ta yi santsi saboda yawan shafa. Sai ya ji tana motsi a hannunsa. Can tsakiyar kantoci wani saurayi ne da sanda a hammata, yana binta a hankali, leɓensa na ƙirga.

"Wannan fa?" in ji Maikano.

"Ƙasimu ne, ɗan aji ɗaya," in ji Zulaiha. "Jiya na nuna masa. Akwai wasu biyu, Litinin za su fara zuwa."

Saurayin ya tsaya a ƙulli biyu, ya miƙa hannu ya zaro littafi da kansa.

Maikano ya dawo, ya ajiye rezar a kan salatif ɗin.

"Baba, baƙin fa? In suka tambaya me zan ce?"

"Ka turo su wurina. Ba zan yanke ba."