Ba E, Ba A'a

Teburin da aka ba mu a gidan abincin yana gefen taga, ƙafarsa ɗaya ta gaza sauran, an cusa mata takarda ninki huɗu. Mu uku ne a kai, ni da 'ya'yan yayana mata biyu. Kujerar Umma da ta Yaya babu kowa. Sun ce mu yi gaba mu kama wuri, suna tafe.

Shekara huɗu yaran suna hannunmu, ni da Umma, tun da mahaifiyarsu ta rasu, Yaya kuma ya tafi aiki wani gari mai nisa. A kan teburin da na rubuta kundin digirina babbar ta koyi haɗa baƙi. Lauya muke kiranta, don ba a kayar da ita a musu. Ƙaramar kuwa Ɗigo, a kafaɗata ta yi haƙoranta. Da Yaya ya dawo makon jiya, na tambaye shi kai tsaye ko ɗaukarsu ya zo yi. Ya dafa ni, ya ce, "Haba ƙanena, wa ke wannan magana yanzu?" Na karɓi wannan a matsayin a'a, na kwana da shi.

Sau biyu mai kawo abinci ya zo, ina ce masa muna jiran mutane. Ɗigo ta fara kiɗa da cokali a jikin kofi, matar da ke teburin kusa ta aiko mana da harara. Sai na jawo kwalbar tsinken sakace, na raba mana uku-uku. Wasanmu ne na jira, mun yi shi a layin asibiti da tashar mota: a yi maka tambaya, ka amsa yadda ka ga dama, amma duk wanda ya ce e ko a'a ya ba da tsinke ɗaya.

"Ɗigo, kunnuwanki uku ne?"

"A'a!" Ta toshe baki. "Wayyo! Baffa, cuta ce wannan!"

"Miƙo dai. Lauya, kina jin yunwa?"

"Cikina ya riga ya shigar da ƙara." Ta gyara zama. "Baffa, an taɓa ce maka kana da kyau?"

"Madubi bai taɓa kawo kuka ba."

"Tsoronka yake ji."

Muka yi zagaye uku. A al'ada Lauya takan gaji da wasan bayan minti goma, ta ce na yara ne. Ranar kuwa, duk sanda na kai hannu ga waya don in ji inda su Umma suka tsaya, sai ta ce, "Baffa, ajiye mana, sabon zagaye." Har na ji daɗi. Na zaci ƙaunar zama da ni ce ta motsa mata.

Tsinke ɗaya ya rage wa Ɗigo, sai na nemi tambaya mai sauƙi wadda amsarta ba ta wuce e ba.

"Gobe ni zan kai ki makaranta?"

Ta buɗe baki, ta tuna doka, ta rufe. Ta yi tunani har goshinta ya tattare. Sannan fuskarta ta washe da murnar wanda ya tsallake tarko.

"Gobe ai mun isa gidan Abba!"

Lauya ta kai mata shuri ta ƙarƙashin tebur. Takardar nan ta zame, teburin ya karkata, lemo ya malale har kan wandona. Ban goge ba.

"Lauya, kayanku ake haɗawa a gida?"

Ta daɗe tana jera tsinkayenta uku. Ko a nan ba ta karya doka ba.

"Umma ta ce mu riƙe ka da wasa har su gama. Ta ce idan kana nan ba za ka bari a taɓa akwati ba."

Ban taɓa musun cewa uba ya fi ni iko da 'ya'yansa ba. Da an zaunar da ni an faɗa mini, da na yi fushi na kwana biyu, sannan in naɗe kayan da hannuna, don ni kaɗai na san wace riga ke sa Ɗigo ƙaiƙayi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, awa guda ina zaton ni ke renon yara, ashe ni ake reno. Da wasan da na ƙirƙira aka ɗaure ni, kuma yarinya 'yar shekara tara aka ɗora wa igiyar.

Ta taga na hango motar Yaya tana tsayawa, an ɗaure ƙaramin keken Ɗigo a samanta. Umma ta fito tana kallon ƙasa.

"Tambaya ta ƙarshe," na ce. "Kina son tafiya?"

Lauya, wadda ba a taɓa karɓar tsinke a hannunta ba, ta turo mini ɗaya.

"A'a."

Ta turo na biyu.

"E. Abbana ne, Baffa."

Na ukun ta damƙe shi a tafinta.

Yaya ya iso yana fara'a, ya ja kujera. Ya dubi fuskata, ya dubi ta Lauya, fara'ar ta ragu.

"Mun bar ku da jira. Ƙanena, ba ka dai yi fushi ba ko?"

Na miƙa hannu na dafa kafaɗarsa.

"Haba Yaya, wa ke wannan magana yanzu?"

Ɗigo ta yi tafi.

"Abba, ka ji? Baffa bai faɗi ba! Kai ma ka iya wasan?"