Turken Malam Ganaha

Tun ranar da aka binne Malam Ganaha, Shizu ta san gidan ba nata ba ne. A Okinawa allon sunayen kakanni ba ya komawa hannun 'ya mace, kuma duk wanda ya ɗauki allon shi ke da gida. Malam bai bar ɗa namiji ba, ita kaɗai ya haifa. Don haka allo da gida da ɗakin koyon karate da ke bayan gidan duk suka faɗa hannun Zenko, ɗan ƙanin mahaifinta, wanda ya yi shekara da shekaru a Osaka yana aikin ƙarfe, ko leƙo ƙauyen ba ya yi.

Abin da ban haushi. Malam ne ya fara koya wa 'yan mata karate a duk yankin, tun lokacin da maza ke cewa yaƙi ya taɓa masa kai. Ba wanda ya yarda ya ara masa ɗaki, sai ya kai yaran farfajiyar kushewar kakanninsa, wadda aka gina kamar ɗaki, ya ce matattu dai ba su da tsegumi. Daga baya ya tsinci katako da kwanon rufin da sojojin Amurka suka yar ya gina ɗakinsa. Da ƙafa ta gaza masa, Shizu ta karɓi koyarwar. Yau ga shi ko tsintsiyar ɗakin ba za ta gada ba.

Tana tsoron Zenko zai sayar da gidan, tsoron kuma yana da dalili. Malam yana da doka guda: duk ɗalibin da ya yi faɗa a waje, za a cire shi daga layi a kai shi turke, wani katako da aka kafa a tsakar gida aka naɗe kansa da igiyar ciyawar shinkafa. Nan zai yi ta naushi kullum, ba ya komawa layi sai Malam ya kira sunansa. Zenko yana saurayi ya fasa wa ɗan wani masunci hanci a kasuwa. Ya yi ta dukan turke har aka gama saran rake, Malam bai kira shi ba. Sai aikin Osaka ya samu, ya hau jirgin ruwa ba sallama. Shizu ta taɓa tambayar mahaifinta, ya ce, "Ai bai dawo ba," ya ci gaba da shan shayinsa. Mutumin kirki ne, amma kansa kamar dutse.

Kwanan baya kuma aka ga wasu masu sayen filaye, mutanen birnin Naha, suna zagaya gidan da igiyar awo.

Ranar ziyarar kushewa ta bazara, dangi suka shimfiɗa tabarmi a farfajiyar, aka buɗe akwatunan abinci, naman alade da soyayyar awara da ganyen teku, don a ci tare da waɗanda suka riga mu. Tsofaffin ɗaliban Malam ma suka zo kamar kowace shekara. A gabansu akwai Iya Nabe, ɗalibarsa ta farko, wadda haƙoranta suka ƙare amma bakinta bai ƙare ba.

"Kai Zenko, ashe kana raye?" in ji ta. "Na ɗauka ƙarfen Osaka ya haɗiye ka. Ina gashin ya tafi?"

"Inda haƙoranki suka tafi, Iya."

"Ja'iri! Ku ji shi, ya tsufa bai yi hankali ba."

Aka yi dariya, ban da Shizu. Tun da Zenko ya iso hannunsa yana cikin aljihun kwat, gaisuwarsu ma a tsaye suka yi ta.

Shi ne magajin allo, don haka shi zai zuba wa kakanni giyar shinkafa, kuma da hannu biyu ake zubawa. Da ya durƙusa ya miƙa kwalbar, idon Shizu ya sauka a bayan hannunsa. Gaɓoɓin yatsu biyu na farko sun yi baƙi sun yi kanta kamar gwiwar raƙumi, ga sabuwar kujewa a kan ɗaya. Ta girma cikin irin wannan hannun, ta san ba ƙarfe ke yin sa ba.

Da ya koma gefe, ta bi shi.

"Zenko, hannun nan fa?"

Ya yi kamar zai mayar da shi aljihu, ya fasa. "Na kafa turke a bayan ɗakin da nake haya. Maƙwabta sun kai ƙara har sun gaji."

"Wa yake koya maka a can?"

"Ba kowa. Ai ba a kira ni ba, Yaya. Wanda yake turke ba ya shiga layi, ko a wace ƙasa yake."

"Duk shekarun nan?"

"Na so in dawo. Da fari kunyar abin da na yi ta hana ni, daga baya kunyar daɗewa. Ina nan ina shiri aka bugo waya cewa ya rasu."

Sai ta ce, "Mutanen Naha fa?"

"Jibi za mu zauna da su. Me zan yi da ɗakin da ba ni da izinin shiga? Mai kirana yana can ciki." Ya nuna ƙofar kushewar da haɓa.

Tausayinsa ya kama ta, haushin mahaifinta kuma ya fi tausayin yawa. Kalma ɗaya tsohon nan ya riƙe har ya tafi da ita.

Kafin a ci abinci ɗalibai kan yi wa Malam kata, wato jerin motsin karate da ake haddacewa, a wurin da ya fara koyar da su. Suka jeru, tsofaffi a gaba, ƙananan 'yan mata a baya. Shizu ta tsaya inda mahaifinta yake tsayawa, ta gyara ɗamararta. Iya Nabe tana ta ƙorafin gwiwa tana cewa a yi a gama. Shizu ba ta ba da umarnin farawa ba. Ta juya wajen tabarma, ta kira yadda Malam yake kira, cikakken suna, sau ɗaya.

"Ganaha Zenko!"

Zenko ya ɗago kai ya kalle ta. Sannan ya cire takalmi, ya cire kwat ya ninke, ya zagaya ta bayan layi ya tsaya a can ƙarshe, bayan wata yarinya da ko ƙugunsa ba ta kai ba. Ya rusuna, hawaye na bin kumatunsa, bai share ba.

Kata ta farko kaɗai ya taɓa koya, ita ma ta kuɓuce masa. Da aka juya hagu sai ya juya dama, Iya Nabe ta hango shi daga can gaba.

"Hagu, mai sanƙo! Hannu kamar gatari, ƙafa kamar ta agwagwa."

Bayan an tashi, ana naɗe tabarmi, ya zo ya tsaya gaban Shizu, hannuwansa a waje.

"Malama, gobe yaushe ake farawa?"

"Da hantsi. Sabon shiga shi ke goge daɓe. Ka kula da kusurwar gabas, rufin yana yoyo."

Ya gyaɗa kai.

"Zan zo da sabon kwanon rufi," in ji shi.