Babban Yatsan Daudu

"Ƙara dannawa, Inna," in ji Sufyanu. Karo na tara ke nan.

Marka ta goga babban yatsanta a zani, ta sake ɗora shi kan gilashin na'urar. Kwamfutar ta yi ta juya ɗan zobenta kamar mai shawara, can ta watso ja.

"Allah ya isa tsakanina da akwatin nan!" in ji tsohuwar. "Jikoki uku na baro da ruwan koko."

Yau ake rufe rajistar tallafin hatsi na mutanen da 'yan bindiga suka koro daga Ruma zuwa Batsari, kuma wanda na'ura ba ta ɗauki yatsansa ba, ba shi da ko tiya. Abin haushin, fartanya da ɓarar gyaɗa sun cinye zanen yatsun manoma. Tun safe Sufyanu, mai ɗaukar rajistar, ke cewa "ta ƙi," da kunya yake faɗa, ana zaginsa har uwa, shi da ba shi ya ƙera ta ba. Ga ba wuta, batir saura kaɗan.

Ya ba Marka man kaɗe ta shafa a yatsa ko zanen zai fito, ta koma gefe. Yana ɗago kai sai ga Daudu, fes da shi cikin shadda.

Duk Ruma an san Daudu ne ke nuna wa 'yan bindiga gidajen masu shanu, shaida ce kawai babu. Shanun huɗar mahaifin Sufyanu sun tafi a haka. Lawal ɗan Marka ma ya tafi a haka, har yau bai dawo ba.

"Malam Sufyanu, ina gajiya? Ya mutan gida?"

"Ɗora yatsa."

Yatsa sumul, bai taɓa sanin ƙotar fartanya ba. Ko juyi kwamfutar ba ta yi ba ta kawo kore. Kai, wannan aba da rashin mutunci take! Zuciyar Sufyanu ta tafasa. Ya karkatar da fuskar kwamfutar, ya danna ya soke.

"Ta ƙi."

"Haba dai! A ƙara gwadawa."

Ya bar shi ya gwada sau biyar, yana sokewa a natse. Bai taɓa jin daɗin kalmar nan kamar yau ba. Daudu ya fita yana tsaki.

"Inna, matso."

Marka ta ɗora yatsa. Zoben ya fara juyawa, sai fuskar ta yi baƙi ƙirin. Batir ya ƙare. Sufyanu kuwa ya san inda ya ɓarnatar da shi.

Tsohuwar ta daɗe tana duban allon.

"Wancan fa? Ta karɓe shi?"

"Ta ƙi shi, Inna."

Ta ninke buhunta da ba kome ciki, ta sa a hammata.

"To, Allah ya yi mata albarka," in ji ta.