Ɗigon da ke Kan Hasumiya

Shekara da shekaru akwai hoton wata hasumiyar dutse manne a shagon Mai Aski, tsakanin madubi da ƙusar rataye tawul. Can a ƙololuwarta akwai wani baƙin ɗigo. Mai Aski ya ce itace ne ya tsiro a cikin dutse, ba ƙasa ba ruwa. Ƙaninsa, wanda ake kira Na-Musu, ya ce kashin ƙuda ne. Gardamar da suka yi a kan ɗigon nan ta fi a ƙirga.

Da likita ya gaya wa Mai Aski idanunsa sun kama hanyar tafiya, kuma ba magani, bai yi kuka ba. Shago ya rufe, ya ja Na-Musu suka shiga motar masu yawon buɗe ido. So yake ya ga itacen nan tun da sauran gani.

Ɗan jagoransu mai surutu ne, yana tafe yana ɗaga lema ana binsa kamar tumaki. Ya kai su wurin wata igwa mai tsatsa, da gunkin doki marar kai, da rijiyar da ta ƙafe tun kakanni, sannan shagon da ake sayar da ƙananan hasumiyoyin roba. Mai Aski yana ta haɗiye fushi, rana tana ta yi. Da suka isa gindin hasumiyar ya ɗaga kai, bai ga komai ba sai hazon idonsa.

"To, ga ta nan," in ji ɗan jagora. "A ɗauki hoto, a koma mota."

"Ina ƙofar hawa?"

"Hawa kuma, Baba? Ni cewa na yi za ku ga hasumiya. Ba ka gan ta ba?"

"Gindinta na gani! In mutum ya zo aski na nuna masa almakashi na ce ya tashi, na yi masa aski ke nan? Ka yini kana nuna mana mataccen ƙarfe da doki ba kai, kamar kanka!"

"Mota ba ta jiran kowa, Baba."

"Ta tafi da kai da lemarka!"

Ya laluba bango har ya sami ƙofa. Matakalar ƙunci gare ta, tana murɗewa kamar katantanwa, tana warin kashin jemage. Na-Musu ya biyo shi yana haki.

"Yaya, gwiwata! A kan kashin ƙuda za ka kashe mu?"

"Rufe mini baki ka hau."

A sama iska ta buge su. Mai Aski ya zagaya, ya ware ido iya ƙarfinsa. Sama fara fat, ba reshe, ba ganye. Ya jira dariyar ƙaninsa, ba ta zo ba. Can gefe aka ji wani lebura yana shara.

"Kai, ina itacen da ke nan?" in ji Mai Aski.

"Au, wannan? Da safen nan muka sare shi, Baba. Saiwarsa tana tsaga bango."

Mai Aski ya ji kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. "Da safe? Ina can ana nuna mini hasumiyar roba? Abin da ya rayu a dutse ba wanda ya taɓa ba shi ruwa, ku kuka hau da zarto! Allah ya isa! Hannun da ya riƙe zarton nan..."

Na-Musu ne ya kama hannunsa, ya kai shi kusurwa, ya ɗora a kan wani abu. Kututture ne mai kaurin cinya, ya fito daga tsagar duwatsu biyu. Mai Aski ya durƙusa yana shafa shi yadda yake shafa kan da ya gama askewa. Ƙaro yana tsattsafowa, mai danƙo, da ɗumin rana a jikinsa.

A ƙasa mota ta yi hon, ta sake yi, ta tafi abinta.

"To Yaya, ai dai ba ka gan shi ba," in ji Na-Musu a hankali, don hali ba ya barinsa.

Mai Aski ya miƙe, ya lalubo fuskar ƙaninsa, ya goga masa ƙaron a hanci da gemu.

"Shinshina," ya ce. "Shinshina kashin ƙudan naka."