Wankan Alhaji Barau

"Baba, ku ɗan matsa, za a shiga da ruwa," in ji Abdurra'uf.

Malam Gudaji bai matsa ba. Yana tsaye a bakin ƙofa da sabulu da ganyen magarya a leda, har ya naɗe hannun riga. A cikin ɗakin maƙwabcinsa Alhaji Barau ne a kwance, ya cika bayan sallar asuba. Wannan mai maganar babban ɗansa ne, isowarsa ke nan daga Kano.

"Ni ya ce in yi masa wanka, ɗana."

"A gaban wa ya faɗa?"

Ba a gaban kowa ba. Tsofaffi biyu a ɗaki, wa zai tuna da kiran shaida?

Layin 'Yan Fansho ake ce wa unguwar, gidaje goma sha biyu a bayan garin Gumel, inda kowa ya ajiye aiki amma bai ajiye muƙami ba. Wannan Darakta, wancan Sakatare. Gudaji kuwa mai allurar shanu ne, shekara talatin yana bin rugagen Gagarawa da Sule Tankarkar, don haka da ya tare a layin bara, da ka ake amsa gaisuwarsa. Barau, tsohon hedimasta, ya fi kowa ji da kai, ya kuma fi kowa zuba turare.

Hancin Gudaji ne ya haɗa su. A sahun la'asar ya ji wani wari da ya sani a ƙarƙashin turaren, ya bi mutumin har gida.

"Alhaji, ni ba likitan mutane ba ne, amma akwai ciwo a jikinka, kuma ya fara ruwa."

Barau ya dube shi kamar zai kai masa mari. Sai ya tura ƙofa, ya ɗaga riga.

Ciwon na ƙasan haƙarƙari, ya kai faɗin tafin hannu, asibiti sun ce ya wuce aiki. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'ya kuma sai waya ran Juma'a, su ma bai gaya musu ba. Wata takwas, kullum da hantsi, Gudaji na wanke wurin da ruwan gishiri yana ɗaurewa, suna gardama kan damina da kan wa ya girmi wani. Bai taɓa zaton zai sake yin aboki yana da shekara saba'in ba. Ya yi, ya kuma so mutumin nan har cikin ransa.

"Kai za ka wanke ni," Barau ya ce masa ranar Talatar ƙarshe. "'Ya'yana ba su zo ina tsaye ba, ba na so su zo kallon ramin da ke jikina. Kada su gani, kada kuma su ji daga bakinka."

To yanzu magana ɗaya ce tsakanin Gudaji da ɗakin. Da zai faɗi abin da ke ƙarƙashin rigar, da nan take an buɗe masa hanya. Ita ce kuma maganar da aka hana shi.

"Ku bar ni da liman kawai," ya ce. "Ku ku jira a waje."

"Mu 'ya'yansa mu jira a waje?" Abdurra'uf bai ɗaga murya ba. "Baba, ba raini ba, ko sunanku ban sani ba. Bai taɓa ambaton ku ba."

Wannan ta yi masa zafi, don ya san gaskiya ce. Ya waiwayi tabarmar da mutanen layi ke zaune, su da ke ganin shigarsa gidan kullum. Darakta ya ci gaba da jan carbi.

"Malam Gudaji, a bar wa dangi abinsu mana," ya ce.

Aka shiga da bokitai, aka rufe ƙofa.

Gudaji ya fita ya zauna a dakalin jikin katanga, ledar na kan cinyarsa. Ya ji ƙarar bokiti, ya ji muryar liman, sannan shiru ya biyo baya, mai tsawo. Ya san daidai inda suka kai. Can sai kukan Abdurra'uf ya taso, irin kukan babban mutum da ya manta yadda ake yi.

Bayan ɗan lokaci ruwa ya fara fitowa ta rariyar katanga, da ɗuminsa, ya gangaro a hankali cikin yashi har ya taɓa masa yatsu. Bai ɗauke ƙafarsa ba.