Baƙin Allo a Kwamfutar Tayyaba

Ɓarnar da ta fi kowace ɓarna a gidan Sarwar, shi da kansa ya ɗauke ta a hammata ya kai kasuwa, kuma da kyakkyawar niyya ya yi.

Sarwar mai naɗin fanka ne da injin jan ruwa, yana da 'yar rumfa a cikin tsohon garin Multan. Karatunsa bai yi nisa ba, amma hancinsa yana jin warin wayar da ta ƙone tun daga bakin layi. A sana'arsa alama biyu ce: inji ya yi zafi, sannan ya daina aiki. In suka haɗu, naɗi ya ƙone, kuma duk jinkirin da aka yi ƙarin ɓarna ne.

'Yarsa Tayyaba tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun injiniyan ruwa. Tun bara take gina wata taswira mai motsi a kwamfutarta ta cinya, wadda ke nuna yadda kogin Chenab yake shiga ƙauyuka idan ya cika, wane gida ruwa zai fara taɓawa, wace hanya za ta fara nutsewa. Jibi za ta tsaya gaban malamai ta nuna musu. In ba ta nuna ba, sai baɗi, kuma kowa a gidan ya san haka.

Ta sha yi masa bayanin kwamfutar suna cin abinci. Ta ce kati biyu ne a cikinta masu zana hoto a allo: ƙarami wanda ba ya cin batir, da babba mai ƙarfi wanda ke tashi idan aiki ya yi nauyi. Ita kuma ba ta amfani da manhajar windo irin ta kowa, Linux take amfani da shi, don shi sashensu ke aiki da shi. Kowane kati yana da 'yar manhajar da ke tuƙa shi, direba ake ce mata. Wani lokaci idan aka sabunta manhajoji sai direban babban katin ya ƙi jituwa da sauran, katunan biyu su tsaya kowa na jiran ɗan'uwansa, allo ya yi baƙi. Sarwar yakan gyaɗa kai yana yagar burodi. Abin da ya riƙe a ciki bai wuce cewa inji biyu ne a cikin abu ɗaya ba, kuma hakan bai taɓa kwanta masa ba.

Da safiyar ranar Tayyaba ta kunna kwamfutar tana shan shayi a tsaye. Allo ya yi baƙi ƙirin, fankar ciki ta hau kuka kamar za ta tashi sama. Ta yi tsaki, ta duba agogo, ta rufe murfin.

"Me ya same ta?" in ji Sarwar.

"Direba ne kawai, Abbu. In na dawo zan gyara. Kar ka damu."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta jawo komai. Tun da likita ya ce Sarwar yana da hawan jini, kowa a gidan "kar ka damu" yake ce masa. Da rufin ɗaki ya tsage haka aka ce masa. Da surukarsa ta kwanta asibiti ma haka aka ce masa, sai da aka sallame ta ya ji gaskiya. Ya riga ya koya wa kansa cewa in aka ce kar ya damu, to abin ya yi girma ne ake ɓoye masa.

Da ta fita ya ɗora tafin hannu a ƙarƙashin kwamfutar. Zafi zau. Ya sunkuya ya shinshina ramin iska. Bai ji warin ƙuna ba, amma ya ce wa kansa ƙila sabon yayi ba ya wari.

Matarsa Kishwar ta leƙo daga kicin ta ga yana naɗe kwamfutar a tawul. Ta ce ya ajiye wa yarinya kayanta, ita da ta ce za ta gyara. Ya ce yarinya ce, kunyar ta ce a kashe mata wani abu take ji, shi kuwa ba zai zauna yana kallo aikinta na shekara ya ƙone ba. Kishwar ta ce ai shi ko tukunya ya ji ta yi zafi sai ya ce naɗi ya ƙone. Ya hau babur da ita.

A kasuwar kayan lantarki ya hau bene zuwa shagon Ustad Pervez, wanda shekara da shekaru Sarwar ke naɗa masa fankokin shago. Ustad na ganinsa ya fara tsiya.

"Sarwar Bhai, ɗan'uwana, kai ne da kwamfuta? Ko an fara sa musu fukafukai ne?"

"Ta 'yar wajenka ce. Duba min ita don Allah, jibi take jarrabawa."

Ustad ya kunna. Wasu fararen rubutu suka yi gudu a allo, sannan baƙi. Ya taɓe baki ya ce wannan ba windo ba ce, irin abin nan ne da 'yan jami'a ke sakawa don a ce sun iya. Ya ce shi ya gaji da ganin irinta, kuma maganinta ɗaya ne. A wannan benen kuwa maganin kowace cuta ɗaya ne. Kwamfuta ta yi nauyi, sabuwar windo. Ta daina sauti, sabuwar windo. Yaro ya zuba mata shayi, a shanya ta a rana, sannan sabuwar windo. Mutane su kawo da safe su karɓa da azahar suna godiya, kuma sau da yawa tana yi.

Sarwar ya ce aikin yarinya yana ciki, a kula. Ustad ya ce bari a gani. Ya soka filash ɗinsa, ya jira, ya juyo da allon wajen Sarwar ya nuna masa da ƙumba. Rumbun kwamfutar, inda take ajiye komai, ya fito, amma ba suna, ba alamar abin da ke ciki.

"Ka gani? Ba ta ma gane shi ba. Babu komai a nan, Bhai, in ma da akwai ya riga ya tafi. Kuma yaran yanzu wa ke ajiya a cikin kwamfuta? A intanet suke zuba komai."

Hankalin Sarwar ya tashi da jin "ya riga ya tafi", sannan ya ɗan kwanta da jin maganar intanet. Ya kira Tayyaba, wayar a kashe, tana wajen malaminta. Ya tsaya da waya a hannu yana kallon allon da ba ya iya karantawa. Ustad ya ce shi fa akwai masu jira, ya danna ko kuwa? Sarwar ya hango fuskarta in ta dawo ta tarar da kwamfuta tana haske. Ya ce a danna.

Aka kawo shayi. Wani layi ya fito a allo yana cika a hankali. Ustad ya koma ba shi labarin fankar da ke kaɗa masa takardu, Sarwar har ya fara dariya, sai wayarsa ta yi ƙara.

"Abbu, Ammi ta ce ka fita da kwamfutata."

Ya ce e, ga shi a wajen Ustad Pervez, an ma kusa gamawa, sabuwar windo ake sa mata.

Ya ƙara manna wayar a kunne. Da ta yi magana muryarta ta koma ƙasa ƙasa, irin wadda bai taɓa ji a bakinta ba.

"Kashe ta. Ka danne maɓallin kunnawa, kar ka ɗaga yatsa sai ta mutu. Yanzu, Abbu."

Ya ture kofin shayi, ya miƙa hannu ta kan kafaɗar Ustad ya danne maɓallin da babban yatsa. Ustad ya ce kai, ba a haka, za ka lalata aiki. Allon ya mutu. Sarwar bai ɗaga yatsan ba sai da Ustad ya janye masa hannu.

Kafin Tayyaba ta iso ya zauna ya tashi ya fi a ƙirga. Ya leƙa ƙasa ta taga, ya dawo, ya tambayi Ustad ko da gaske babu komai a ciki. Ustad ya ce da idonsa ya gani. Amma shi ma ya daina tsiya.

Riksho, keken haya mai ƙafa uku, ya sauke ta a bakin bene. Ta shigo mayafinta ya jiƙe da gumi, ta gai da Ustad da ladabi kamar yadda aka koya mata, ba ta dubi mahaifinta ba. Ta tambaya ina layin ya kai kafin a kashe. Ustad ya nuna da yatsu, bai kai rabi ba. Ta tambaya ko ya goge rumbun kafin ya fara. Ya ce dole ne, haka ake yi, kuma ai babu komai a ciki.

"Ustad, windo ba ta iya karanta rubutun Linux. In ta ga rumbunsa sai ta yi shiru, don ba ta san harshen ba. Ko ni aka ba ni takardar Sinanci ba zan karanta ba, amma ba zan ce farar takarda ce ba."

Ustad ya dubi sauran kwamfutocin da ke jere a kan kanta suna jiran nasu maganin.

Sarwar ya yi ƙarfin hali ya ce ai an ce a intanet ake ajiyewa. Ta ce masa, har yanzu ba ta dube shi ba, taswirar ta fi ƙarfin intanet ɗin gidansu, in ta fara turawa wuta ke ɗaukewa kafin a je ko'ina. Akwai kwafi a jami'a, amma na tun kafin sanyi ne, lokacin ko rabin ƙauyukan ba ta saka ba. Duk abin da ta yi daga nan zuwa jiya, a cikin wannan rumbun yake.

Sarwar ya zauna a kan wani kwalin firinta, kwalin ya lotsa, bai ma ji ba.

Tayyaba ta ciro nata filash daga jaka, mai Linux a ciki, wanda ke tashi ba tare da ya taɓa rumbu ba. Ta soka ta kunna. Fararen rubutu suka yi gudu, allo ya sake yin baƙi, fanka ta hau kuka. Ustad ya ɗan farfaɗo, ya ce to ga shi nan, ashe dama katin ya ƙone, shi ya faɗa.

Tayyaba ta kashe ta sake kunnawa, ta danna wani maɓalli tun kafin rubutun su fara gudu. Wani dogon layi ya tsaya a allo. Ta kai ƙarshensa ta ƙara kalma ɗaya, ta ce wannan na gaya wa kwamfutar ta ƙyale babban katin yana barci, ta tashi da ƙaramin kawai. Ta danna. Allo ya yi haske fes, da launi da komai. Kukan fankar ya sauka har ya ɓace.

Sarwar ya dubi allon ya dubi 'yarsa.

"Shi ke nan, 'yata?"

"Shi ke nan. Abin da na so yi ke nan a gida in na dawo, daga nan sai in cire direban da ya ƙi, in sa wanda ya dace. Kafin Ammi ta gama dafa shayi da na gama."

Bai san lokacin da ya ɗora hannu a ka ba. Wani maƙwabcin shago da ya leƙo don ya yi tsokana ya ga fuskokinsu ya koma da baya.

Ta ce akwai manhajar da ke bin rumbu lungu lungu tana tono abin da aka goge, amma tana buƙatar wani rumbu daban da za ta riƙa zubawa, don in aka rubuta ko harafi ɗaya a kan wannan, wani abu ake binnewa. Ustad bai bari ta ƙarasa ba. Ya buɗe gilashin kanta ya ciro sabo dal, ya yage ledar da haƙori ya miƙa mata da hannu biyu. Sannan ya ture kayan da ke kan teburinsa ya ba ta kujerarsa, shi ya tsaya.

Ta haɗa ta sa manhajar aiki. Can sai abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, ba sunaye, lambobi ne kawai. Ta buɗe ɗaya, hoton bikin 'yar ƙanwar Kishwar ne. Ta buɗe wani, rabin shafi ne na wani darasi, sauran rabin tarkace. Sarwar ya matso ya tambaya ko wannan alamar alheri ce. Ta ce duk inda sabuwar windo ta riga ta rubuta a kai, ya tafi har abada. Inda ba ta kai ba yana iya dawowa. Taswirar kuwa babba ce, a warwatse take a wurare da yawa, in gutsure ɗaya ya ɓace ba lallai ta buɗe ba.

Ya so ya ce wani abu. Ya fara da sunanta, sai ta ɗaga hannu kaɗan, ba da faɗa ba, idonta na kan allo. Ya haɗiye sauran. Kishwar ta kira, ya fita baranda ya gaya mata gaskiya duka, ta ce za ta aiko da abinci shagon.

Aka kira la'asar, masu shaguna suka fara sauke ƙofofinsu rabi suna sauka ƙasa yin salla. Ustad ya ce wa masu jira su dawo gobe. Lambobin na ci gaba da sauka a allo, manhajar ba ta ko kusa gamawa ba. Sarwar ya koma kan kwalinsa ya zauna a bayan 'yarsa. Ko taswirar tana cikin abin da zai dawo, ko za ta buɗe in ta dawo, ko Tayyaba za ta sami abin nunawa jibi, a lokacin babu wanda ya sani a cikin su ukun.