Gyaran Taibatu a Ofishin Masu Shinkafa

Ƙungiyar manoman shinkafa ta Bakura tana da wata babbar kwamfuta a ofishinta na Talata Mafara. Ita ke aika wa manoma saƙo a waya duk lokacin da za a sako musu ruwan dam ɗin Bakolori. Amma wutar ofishin ba ta zama, kuma da ta ɗauke ta dawo, sai na'urar ta daɗe tana shiri kafin ta soma aiki. Wata ranar kasuwa saƙo ya makara, mutanen Garbadu suka tarar ruwa ya wuce su.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Hamma, ya aika Maradun aka kira masa Taibatu, ɗiyar ƙanensa, wadda ta karanta ilimin kwamfuta. Bayan sun gaisa, ya tambaye ta ko sabuwa za su saya.

"A'a, Baba," ta ce. "Lafiyarta lau. Ku bar mini ita."

Ta yi masa bayani cewa jigon manhajar, wanda ake kira kanel, yakan bi memori, wato ma'ajiyar bayanan da na'urar ke aiki da su, kaf ya shirya shi kafin ya bar komai ya tashi, kuma firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, kawuna da yawa gare shi, amma da kai ɗaya yake wannan aikin, sauran kawunan suna zaune. Ita za ta sa ya shirya ɗan abin da tashi ke buƙata, sauran kuma a raba wa duk kawunan su ƙarasa tare.

Gwajin farko bai yi daɗi ba. Na'urar ta tashi da sauri, sai kuma ta sandare a gaban 'yan kwamiti. Malam Bello, magatakarda, ya ba da shawarar a mayar da ita yadda take. Taibatu ta karanta abin da allon ya nuna, ba ta ko ɗaga kai ba. Wani sashe na manhajar ne ya nemi memori tun ba a gama shirya masa ba. Ta gyara ta yadda duk sashen da ke nema da wuri za a shirya masa nasa nan take, ta sake haɗa kanel ɗin, sannan ta roƙi Malam Bello ya zare wutar da hannunsa.

Ya zare, ya mayar. Bai kai ga kujerarsa ba wayar Alhaji Hamma ta yi ƙara da saƙon gwaji. Aka sake, aka kuma, haka na'urar ta yi ta tashi nan da nan.

Da la'asar Taibatu ta tsara gyaran don ta aika wa ƙwararrun da ke kula da kanel a duniya su duba. Alhaji Hamma kuwa ya sa aka ɗora mata buhun shinkafa a motar Maradun.